Kocin da ba ya taɓa ƙwallo: yadda wasannin sarrafa ƙungiya a kwamfuta suke mayar da ɗan wasa lamba

Ana cikin minti na 87, an zura wa ƙungiyarka ƙwallo ɗaya ba ta rama ba, kuma ka riga ka ƙarar da damar canjin 'yan wasa. Ɗan wasan gabanka ya samu ƙwallo a cikin yadi na 18, mai tsaron raga ya fito ya tare shi, ga kuma abokinsa a gefen dama babu mai tsare da shi. Da a ce irin wasan kwamfutar da aka fi sabawa da shi ne, kamar FIFA ko eFootball, da babban yatsanka ne zai yanke hukuncin a ba da ƙwallon ko a buga. A nan kuwa hannunka yana kan tebur, iyakarka kallo. Yaron ya zaɓi bugawa, ta daki turke ta fita, alƙali ya hura tashi. Sai a bar ka da tambayar da duk wannan nau'in wasa ya ginu a kanta: kai ne ka yi kuskure tun watanni shida da suka wuce da ka sayi ɗan wasan da ba shi da natsuwa, ko kuwa sa'a ce kawai ta juya maka baya a wannan daren?

Wasannin sarrafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a kwamfuta, waɗanda zan riƙa kira gem kamar yadda masu buga su ke faɗa domin kada su cakuɗe da karawar da ake yi a fili, suna ɗora mutum ne a kujerar koci. Shi zai zaɓi 'yan wasa goma sha ɗaya, ya tsara salon wasa, ya shirya atisaye, ya yi ciniki a kasuwar musayar 'yan wasa, ya sa ido kan kasafin albashi, ya amsa tambayoyin 'yan jarida, ya kuma lallashi mahukuntan ƙungiya waɗanda za su iya sallamarsa idan sakamako ya ƙi kyau. Duk ikonsa yana ƙarewa ne a bakin layin fili. Wanda bai taɓa gwadawa ba yakan yi mamakin yadda mutum zai kwana a gaban allo cike da jadawali da lambobi ya ce yana jin daɗin ƙwallo, amma wannan rashin iko a kan ƙwallon shi ne sirrin abin, domin shi ne yake tilasta wa mai bugawa yanke shawara a kan abin da bai gama sani ba, sannan ya zauna ya jira sakamako kamar kowane koci na gaske.

Tushen abin yana Ingila. A 1982 wani mai rubuta manhaja, Kevin Toms, ya fitar da gem mai suna Football Manager a kan ƙananan kwamfutocin gida na wancan zamani irin su ZX81 da ZX Spectrum. Kowace ƙungiya ka zaɓa, daga rukuni na huɗu za ka fara, kuma ɗan wasa ba shi da wata siffa da ta wuce ƙwarewa da kuzari. Duk da haka ginshiƙan da ake tafiya a kansu har yau suna nan: kuɗi ba sa isa, 'yan wasa suna gajiya suna jin rauni, ga kuma ɗan gajeren hoton hare-hare da ake nuna wa koci ba tare da ya iya sa hannu ba. Shekara goma bayan haka, a 1992, wasu 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fitar da Championship Manager ta hannun kamfanin Domark, bayan sun rubuta shi a gidan iyayensu da ke yankin Shropshire. Babu hoton karawa ko kaɗan a cikinsa, rubutu ne kawai ke walƙiya yana ba da labarin abin da ke faruwa a fili. Abin da suka kawo sabo shi ne tunanin cewa duniyar ƙwallon za ta ci gaba da tafiya ko da kai ko babu kai: sauran ƙungiyoyi suna saye suna sayarwa, ana korar kociyoyinsu, kai kuma ɗaya ne kawai daga cikin masu neman abinci a wannan kasuwa. Sauran ƙasashe ma suna da nasu, kamar Anstoss a Jamus, da PC Fútbol a Sifaniya, da Elifoot wanda aka rubuta a Fotugal ya samu karɓuwa a Brazil, amma layin 'yan'uwan nan biyu ne ya rinjayi kasuwar daga baya.

Abin da ya faru a 2003 shi ne ya fi bayyana inda dukiyar wannan sana'a take. A shekarar ne kamfanin 'yan'uwan, Sports Interactive, ya raba gari da Eidos, wanda ya gaji Domark a matsayin mai bugawa da tallata gem ɗin. Da aka zo rabon kaya, Eidos ya riƙe sunan Championship Manager, sunan da duk duniya ta sani, shi kuwa Sports Interactive ya tafi da rumbun bayanan 'yan wasa da kuma manhajar da ke lissafa karawa. Mai kallo daga nesa zai ce wanda ya riƙe suna shi ya ci riba. Sports Interactive ya haɗa kai da kamfanin wasannin kwamfuta na Sega, ya farfaɗo da tsohon sunan Football Manager, ya fitar da bugun 2005 a watan Nuwamban 2004, kuma masu bugawa suka bi bayanan suka bar sunan. Sega ya sayi kamfanin baki ɗaya a 2006, shi kuwa Championship Manager bugunsa na ƙarshe a kan kwamfutar tebur shi ne na 2010.

To mene ne a cikin rumbun nan? Ainihinsa yunƙuri ne na mayar da mutum lamba. Kowane ɗan wasan fili yana da siffofi fiye da 30 da ake gani, an kasa su gida uku, kuma kowace ana ba ta maki daga 1 zuwa 20. Akwai na fasaha, kamar iya ƙarasa ƙwallo a raga, da ba da ƙwallo, da yanka, da ƙwace; akwai na tunani, kamar natsuwa, da hangen nesa, da iya tsayuwa a wurin da ya dace, da yanke shawara; akwai kuma na jiki, kamar gudu, da ƙarfi, da juriya. Masu ba da wannan maki mutane ne sama da dubu da ke warwatse a ƙasashen duniya, yawancinsu magoya baya ne da suka ɗauki nauyin bibiyar ƙungiya guda, har da matasanta da 'yan benci, suna aika rahoto ga shugaban bincike na ƙasarsu wanda zai daidaita alƙaluman. Daidaitawar ita ce aikin da ya fi wuya, domin dole maki 14 na ɗan bayan da ke wasa a Norway ya zama daidai da maki 14 na wanda ke wasa a Ajantina, alhali mutanen da suka ba da makin ba su taɓa kallon karawa ɗaya tare ba, kuma kowannensu zuciyarsa tana karkata ga 'yan ƙungiyarsa.

Domin a hana son rai yin yawa, akwai wata lamba da ba a nuna wa mai bugawa, wadda ke auna iyawar ɗan wasa a halin yanzu daga 1 zuwa 200. Tana aiki ne kamar kasafin kuɗi: kowace siffa tana cin wani kaso nata, kuma tsadar siffar ta danganta da gurbin da ɗan wasan yake bugawa, ta yadda ƙara wa ɗan gaba makin cin ƙwallo ya fi tsada a kan ƙara wa ɗan baya irin wannan makin. Mai bincike ba zai iya cika wa gwaninsa 18 a ko'ina ba sai lissafin ya tona masa asiri. A gefenta akwai lamba ta biyu, ita ma daga 1 zuwa 200, wadda ke nuna iyakar inda ɗan wasan zai iya kaiwa a rayuwarsa. Ga matasan da ba a gama sanin su ba, akan ba su tazara maimakon lamba guda, misali tsakanin 150 da 180, sai kwamfuta ta zaɓi adadi ɗaya a ranar da mutum ya fara sabon gem, kuma wannan adadin ba zai sake motsi ba. Bayan waɗannan akwai wasu siffofin da su ma a ɓoye suke: yawan jin rauni, da ɗorewa a kan ƙoƙari mako bayan mako, da jure manyan karawa, da riƙon aiki da gaskiya, da buri. Ɗan wasan da makinsa na bayyane ya cika ido zai iya zama wanda ba ya taɓuka komai sai sau ɗaya a karawa uku, kuma shafinsa ba zai faɗa maka haka kai tsaye ba.

Wannan ɓoyewar ita ce gem ɗin. Ka ɗauka an kawo maka labarin wani yaro ɗan shekara 17 a wata ƙaramar ƙungiya a ƙasar da ba ka da masaniya a kanta. Idan ka buɗe shafinsa, a gurbin gudu za ka ga an rubuta 11 zuwa 16, a gurbin natsuwa kuma babu komai sai ɗan layi. Ka tura mai farautar 'yan wasa ya kalle shi, bayan mako biyu ya dawo da rahoton taurari huɗu da rabi, ya ƙara da cewa akwai alamar yaron ba ya son manyan karawa. Sai dai shi kansa mai farautar yana da nasa makin na iya tantance 'yan wasa, wanda idan 9 ne cikin 20 to rahotonsa rabinsa shaci-faɗi ne, kuma taurarin da ya bayar ana auna su ne da 'yan wasan da ke hannunka, don haka tauraro huɗu a ƙaramar ƙungiya zai iya zama biyu a babba. Kafin ka sake tura wani ya tabbatar, wata ƙungiya ta riga ta miƙa tayi, kuma saura kwana uku a rufe kasuwa. Kuɗin da ake nema rabin abin da ke hannunka ne. Babu lissafin da zai fitar da kai daga wannan tsaka mai wuya, dole ka sa hannu ko ka janye da rabin sani. A ganina wannan shi ne wurin da gem ɗin ya fi kusa da gaskiyar aikin.

Idan ranar karawa ta zo, lambobin nan suna shiga abin da ake kira injin wasa, wato manhajar da ke lissafa motsin 'yan wasa 22 da ƙwallo a kowane ɗan yanki na daƙiƙa. A kowane mataki ɗan wasa yana auna zaɓin da ke gabansa gwargwadon hangen nesansa, ya zaɓi ɗaya gwargwadon iya yanke shawararsa da umarnin koci, sannan ya aiwatar gwargwadon fasaharsa da gajiyarsa da halin da zuciyarsa ke ciki, a kan duk wannan kuma a yayyafa ɗan rabo na sa'a. Shekaru da yawa rubutu kaɗai ake gani. Championship Manager 4 na 2003 ne ya kawo fili da ɗige-ɗige masu yawo, bugun Football Manager na 2009 kuma ya kawo siffofin mutane. Kowane ci gaba na hoto ya zo da nasa nauyin, domin a zamanin rubutu tunanin mai bugawa ne yake cike gurbin abin da bai gani ba, amma da zarar ido ya ga ɗan baya ya tsaya yana kallon ƙwallo tana wuce shi, to kuskuren injin ya fito fili.

Daga nan ne tsohon zargin nan ya samo asali, cewa gem ɗin yana murɗiya, yana shirya wa mutum rashin nasara idan ya ga ya cika cin wasa. Kusan duk wanda ya daɗe yana bugawa yana da labarin ranar da ya kai hari 25 abokin karawarsa ya kai biyu, aka tashi an ci shi ɗaya da nema. Masu ƙera gem ɗin sun sha nanata cewa injin bai san wace ƙungiya ce ta mutum ba kuma wace ce ta kwamfuta, kuma lissafi mai sauƙi yana goyon bayansu. Damar da ake ci sau uku cikin goma dama ce mai kyau ƙwarai a ƙwallon ƙafa, amma idan ka samu irinta uku a karawa ɗaya, yiwuwar ka ɓarar da su duka ta kai kusan ɗaya cikin uku. Ƙwallon ƙafa wasa ne na ƙarancin ci, shi ya sa ƙaramar ƙungiya take iya kayar da babba fiye da yadda ake gani a ƙwallon kwando. Akwai kuma yadda ake nuna karawar: yawancin mutane muhimman wurare kawai suke kallo, don haka mintuna 90 sukan taƙaita zuwa jerin damarmakin da aka ɓarar, ba a ga dogon lokacin da ƙungiyar ta yi tana buga ƙwallo daga nesa babu dabara. Shigar da ma'aunin xG a bugun 2021, wanda ke ƙiyasta darajar kowane hari, ya ɗan rage gardamar, ko da yake wanda aka ci a minti na 93 ba ya neman bayani. Da yawa sukan kashe gem ɗin su sake buga karawar daga inda suka adana, abin da masu bugawa ke ɗauka abin kunya ne, kowa yana yi kuma ba mai faɗa.

Inda na fi samun matsala da tsarin shi ne lambar nan ta biyu, ta iyakar ɗan wasa. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, gem ɗin kuma ya ɗauki wannan magana ya mayar da ita doka: a bayan labulen akwai amsa guda tabbatacciya game da kowane yaro, aikin koci kawai shi ne ya gano ta kafin wasu. A rayuwa babu wannan lambar a ko'ina. Akwai dai yaro, da gwiwarsa, da iyayensa, da wakilinsa, da kocin da ya yarda da shi ko ya ƙi. Masu buga Championship Manager 01/02 ba za su manta da Cherno Samba ba, matashin Millwall haifaffen Gambiya wanda a cikin gem yake zama ɗaya daga cikin manyan 'yan gaban duniya, amma a fili bai taɓa buga gasar Firimiya ba, ya yi ta yawo tsakanin ƙananan ƙungiyoyi a Sifaniya da Ingila da Finland. Haka Maksim Tsigalko na Dinamo Minsk, wanda a kwamfuta yake zura ƙwallaye ba adadi, a gaske kuwa rauni ya datse masa wasa da wuri, ya rasu a 2020 yana da shekara 37. Freddy Adu, wanda ya sa hannu a ƙungiyar D.C. United ta Amurka yana ɗan shekara 14, ya ƙare da zagaya ƙungiyoyi sama da goma. Ba za a ce masu binciken sun yi ƙarya ba, domin ƙwararrun masu farauta na manyan ƙungiyoyi ma sun ga abin da suka gani a jikin waɗannan yara, kuma rumbun ya hango irin su Vincent Kompany da Sergio Agüero tun suna ƙanana. Abin da ya faru shi ne hasashe ya shiga kwamfuta ya zama hukunci, har mutanen da ba su taɓa ganin Samba a fili ba suna tambayarsa yadda aka yi ya lalata baiwarsa, alhali baiwar da suke nufi wani ne ya rubuta ta da hannu.

Wani abin dariya a bugun na 01/02 ya nuna yadda rumbun ya dogara da amanar mutane. Akwai ɗan gaba mai suna Tó Madeira a ƙaramar ƙungiyar Gouveia ta Fotugal, mai arha, mai cin ƙwallo kamar ba gobe, wanda dubban mutane suka gina ƙungiyoyinsu a kansa. Daga baya aka gano babu wani ɗan wasa mai wannan suna, mai binciken yankin ne ya ƙirƙire shi ya cusa.

Duk da irin wannan tuntuɓe, bayanan sun kai matsayin da ƙwallon gaske ta fara leƙowa. A 2008 Everton, a zamanin David Moyes, ta ƙulla yarjejeniyar amfani da rumbun wajen neman 'yan wasa, a 2014 kuma kamfanin nazarin wasanni na Prozone ya haɗa shi cikin manhajar da yake sayar wa ƙungiyoyi. Bai kamata a zuzuta wannan ba. Babu ƙungiyar da ke sayen ɗan wasa saboda yana da 17 a gudu. Amfanin rumbun shi ne faɗinsa, domin yana ɗauke da shekaru da gurbi da ƙarshen kwantiragi da asalin ƙasar dubban ɗaruruwan mutane, ciki har da na rukunonin da babu kyamarar da ke zuwa. Labarin Ben Brereton misali ne mai kyau. Haifaffen Ingila ne da ke wasa a Blackburn Rovers a lokacin, amma mahaifiyarsa 'yar Chile ce, kuma shigar wannan bayani cikin gem ɗin ne ya sa masu bugawa a Chile suka lura suka fara kiraye-kiraye. A 2021 ya sa rigar Chile a gasar Copa América, har ya ci Bolivia. Abin da ya yi aiki a nan layi ɗaya ne a shafinsa, na ƙasa ta biyu, wanda wani ya damu ya cike daidai.

Batun ko gem ɗin yana koyar da aikin koci ya fi wannan rauni. Akan kawo misalin Will Still, wanda ya karɓi ragamar Reims ta Faransa a 2022 yana ɗan shekara 30 ba tare da babban lasisin koci na UEFA ba, kuma ya faɗa cewa ya buga gem ɗin sosai yana yaro. Abin da ba a cika ambata ba shi ne shekarun da ya yi a Beljiyam yana nazarin bidiyon karawa da kuma aikin mataimakin koci, kuma shi kansa ya nuna an zuzuta labarin. Dalilin a fili yake. Mafi wuyar aikin koci shi ne mutane: gaya wa kyaftin ɗan shekara 34 cewa lokacinsa ya wuce, ko gane cewa shirun da wani yake yi a wurin atisaye daga gida ya taso. Gem ɗin yana ƙoƙarin kwaikwayon wannan ta hanyar tattaunawa da 'yan wasa, da jawabin hutun rabin lokaci, da tsarin manya da ƙanana a ɗakin sauya kaya, amma a ƙarshe zaɓi ne tsakanin jimloli biyar ko shida, kuma bayan kaka biyu mutum ya haddace wadda ke faranta wa kowa rai. Taron manema labarai kuwa yawancin masu bugawa mataimakinsu suke tura wa.

Salon wasa ma yana da irin wannan gibin. Tunda injin manhaja ce, kowane bugu yana da wata kafa da ba a toshe ba, kuma cikin 'yan makonni masu bugawa sukan gano ta su yaɗa: wani tsari na 'yan wasa da 'yan bayan kwamfuta ba su san yadda za su tare ba, ko wata dabarar bugun kusurwa da ke ba ɗan baya ƙwallo 20 a kaka. A bugun shekarun baya-bayan nan an daɗe ana ƙorafin cewa salon matsa wa abokin karawa lamba tun daga gidansa yana ba da nasara fiye da kima, ba tare da gajiyar da yake jawowa a gaske ba. Masu ƙerawa suna cikin wani hali a nan, domin idan suka matsa wa kwaikwayon gaskiya, to yawancin masu bugawa za a kore su daga aiki kafin su cika shekara biyu kamar yadda ake yi wa kociyoyi, idan kuma suka sassauta, ƙungiyar rukuni na shida za ta ɗauki kofin zakarun Turai cikin shekara goma. Sun zaɓi na biyun, kuma ban ga laifinsu ba, domin babu mai biyan kuɗi don a sallame shi.

Wanda ya daɗe a gem guda yakan ga wani abin da ba a samu a sauran wasannin ƙwallo. Kowace shekara kwamfuta tana ƙirƙiro sababbin matasa da suna da fuska da ƙasa, gwargwadon ƙarfin makarantar horon kowace ƙungiya da kuma tarihin ƙasar wajen fitar da 'yan wasa. Bayan kaka 20 duk sunayen da ka sani sun yi ritaya, wasu sun zama kociyoyin da kake karawa da su, filin kuma ya cika da mutanen da babu su a ko'ina sai a kwamfutarka. Abin mamaki shi ne a nan ne shaƙuwa ta fi ƙarfi, kuma a nan ne matsalar lambar iyaka take gushewa, tunda babu wani mutum mai rai da za a auna hasashen da shi. Hatta siyasa tana shiga. Bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a watan Yunin 2016, bugun 2017 ya zo da hanyoyi daban-daban da ficewar za ta iya bi, ciki har da wadda ke tsaurara izinin aiki ga 'yan wasan Turai, tun kafin 'yan siyasa su san inda za su dosa.

Sauran abin da ke juya wannan sana'a kuɗi ne da lasisi. Sunayen ƙungiyoyi da tambarinsu dukiya ce da ake sayarwa, shi ya sa Juventus ta koma Zebre a bugun 2020 bayan ta ba Konami, kamfanin da ke yin eFootball, keɓantaccen izini, Manchester United kuma ta kai ƙara a 2020, aka sasanta a 2021 aka sauya mata suna a cikin gem ɗin. A wani ɓangaren akwai masu tafiya a kan wata hanya dabam: Hattrick, wanda aka fara a Suwidin a 1997, ana buga shi ne a intanet da sauran mutane, karawar lig ɗaya a mako; shi kuma Top Eleven na kamfanin Nordeus da ke Sabiya, wanda ya fito a Facebook a 2010, kyauta ne shigarsa amma ana sayar da abin da ke hanzarta ci gaba, wanda hakan ke mayar da tambayar daga wa ya fi iya hukunci zuwa wa ya fi haƙuri ko aljihu.

Shi kuwa Football Manager ya dogara ne da fitar da sabon bugu kowace shekara, alhali abin da yawancin masu saye ke buƙata sabunta rumbu ne kawai, sauran gyare-gyaren kuma ana ɗora su ne a kan manhajar da ta tsufa. Da Sports Interactive ya yunƙura ya sake gini daga tushe a kan Unity, wata manhajar ƙera wasannin kwamfuta, tare da shigar da ƙwallon mata wadda ya yi alkawari tun 2021 kuma take buƙatar sabon rumbu daga farko, aikin ya fi ƙarfin jadawalin: an ɗage bugun 2025 har sau biyu, sannan aka soke shi a watan Fabrairun 2025, karo na farko da jerin ya tsallake shekara, sai a Nuwamban 2025 bugun 2026 ya fito. A tsawon wannan jira masu bugawa ba su zauna ba, sun ɗauki manhajar gyaran bayanai da ke zuwa da gem ɗin suka shigar da cinikin sabuwar kaka cikin bugun 2024 da hannunsu. Irin wannan aikin ake yi wa Championship Manager 01/02, wanda Eidos ya saki kyauta a 2008: har yanzu akwai masu sa kai da ke sabunta masa sunayen 'yan wasa kowace kaka, ana zuba yaran da aka haifa bayan fitowarsa a cikin injin da ba ya nuna komai sai rubutu mai walƙiya.